Ƙudan Zuma da 'Yan'uwansa: Binciken da Aka Yi wa Taron Dangi

Duk wanda ya taɓa shuka kabewa a bayan gida, ko kankana a fadama, ya san fure daban, 'ya'ya daban, domin sau da yawa yaɗo yakan cika da furanni har mai shi ya fara lissafin abin da zai kai kasuwa, sa'an nan furannin su bushe su kakkaɓe ba tare da ko rubu'insu ya ƙulla ba. Manomi ya ce ƙasa ce ta gaji, ko ruwa ne ya yi gardama, ko iska ce ta buge su, kuma mai yiwuwa ne ya yi gaskiya. Amma akwai wani sababi na huɗu wanda ba a cika ambatonsa ba, watau rashin ɗan aiken da zai ɗauki garin furen namiji ya kai wa na mace. Manoman dabino, daga Madina har zuwa Bilma, sun san wannan hikima tun zamanin da, shi ya sa suke hawa bishiya da kansu su sanya reshen furen namiji a cikin zangarniyar macen. Abin da mai dabino ke yi da hannunsa, shi ne Allah Maɗaukakin Sarki ya hore wa ƙudan zuma, da ƙudaje iri iri, da malam-buɗe-littafi, da wasu tsuntsaye, da jemagu, suna yi wa mafi yawan tsirran duniya, alhali su abincinsu kawai suke nema.

Ba kowane amfanin gona ne ke bukatarsu ba. Gero da dawa da masara da shinkafa da alkama, iska ce ke yi musu wannan hidima, ko kuwa furen ya wadatu da kansa, don haka ba a jin tsoron tuwo zai yanke saboda rashin ƙwari. Inda abin yake shi ne wajen kayan miya da kayan marmari da kayan sayarwa. Majalisar masana ta duniya da ake kira IPBES, a rahoton da ƙasashe suka amince da shi a birnin Kuala Lumpur a watan Fabrairun 2016, ta ƙiyasta cewa fiye da kashi 75 cikin 100 na ire-iren amfanin gona da duniya ta dogara a kansu suna amfana da wannan hidima ko da gwargwado ne, kusan kashi 90 cikin 100 na tsirran daji masu fure su ma haka, kuma ƙimar abin da take ƙarawa a gonakin duniya kowace shekara ta kai tsakanin dala biliyan 235 da 577. Jinsin ƙudan zuma kaɗai ya haura iri 20,000, kuma akasarinsu ba sa yin zuma, ba sa zama a amya, ba su da runduna. Kowace macensu takan haƙa ɗan rami a ƙasa ko a busasshen itace ta yi ƙwai, ta rayu ta mutu ba tare da mai gonar ya taɓa sanin tana yi masa aiki ba.

To, yaya za a yi a tabbatar cewa irin waɗannan halittu suna raguwa? Nan ne wuyar al'amarin take. Shanu an ƙirga su a dā saboda jangali, mutane ana ƙidayarsu, hatsi ana aunawa, amma ƙwaro ba ya cikin littafin kowa. Bugu da ƙari kuma ɗabi'arsa ce ya yi yawa bana ya yi ƙaranci baɗi gwargwadon ruwa da zafi, ta yadda wanda ya duba shekara biyu ko uku kawai ba zai iya bambance raguwa ta haƙiƙa da sauyin da aka saba ba. Dattawa a ƙasashen Turai sun daɗe suna cewa a dā in mutum ya yi tafiyar mota da bazara sai ya tsaya ya goge ƙwari daga gilashi, yanzu kuwa ba ya bukata, amma wannan zance ne na tunawa, ba hujja ba ne. Malaman hadisi sun bambanta tsakanin labarin da mutum ɗaya ya ruwaito da labari mutawatiri, wanda jama'a masu yawa suka ɗauko daga jama'a masu yawa ta hanyoyi dabam dabam har hankali ya kasa yarda cewa sun haɗu a kan kuskure. A ganina tarihin wannan bincike duka tarihi ne na yadda zargi ya tashi daga matsayin farko yana neman na biyu, kuma ba a sami haka ba sai da mutane masu ɗimbin yawa, waɗanda ba su haɗa ƙasa ko harshe ko sana'a ba, suka yarda su auna abu ɗaya da ma'auni ɗaya.

Mafi shaharar wannan aiki ya fito daga wani gari a yammacin Jamus mai suna Krefeld, kusa da iyakar Holan, inda ake da wata ƙungiyar masu nazarin ƙwari da aka kafa tun 1905. Membobinta ba ma'aikatan wata jami'a ba ne. Akwai masu digiri a cikinsu, akwai malaman makaranta da ma'aikatan masana'antu, kuma sha'awa ce ta tara su. Tun shekarun 1980 suka shiga kafa wani tarko da ake jingina wa wani masani ɗan Siwidin, René Malaise, wanda ya ƙago shi: ɗan tanti ne na yadin raga mai shamaki a tsakiya, ƙwaro mai tashi ya zo ya bugi shamakin, ya yi sama yana neman haske, sai ya faɗa cikin kwalba mai sinadarin hana ruɓa. Tarkon ba sabo ba ne, kuma ba shi ne abin yabo ba. Abin yabo shi ne ladabin da suka ɗora wa kansu, domin sun tsayar da girman tarkon da irin yadinsa, suna fuskantar da shi kudu da kamfas, suna kwashe kwalba bayan kimanin kwana goma sha ɗaya tun daga farkon bazara har ƙarshen kaka, suna auna nauyin abin da suka kama ta hanya ɗaya ba canji, suna rubuta rana da wuri, sa'an nan su adana kwalaben da kansu, ba tare da sun san ranar da wani zai bukace su ba.

A 2013 suka koma wani keɓaɓɓen daji mai suna Orbroicher Bruch, suka kafa tarko daidai inda suka kafa a 1989, sai suka tarar nauyin abin da ya shiga ya ragu da kusan kashi 80 cikin 100.  Daga baya sai suka nemi waɗanda suka fi su sanin lissafin ƙididdiga, suka miƙa musu littattafansu. Ta haka Martin Sorg na ƙungiyar Krefeld da abokansa suka haɗu da Caspar Hallmann da Hans de Kroon na Jami'ar Radboud ta Holan, da Dave Goulson na Jami'ar Sussex ta Ingila, aka tattara awon wurare 63 na tsawon shekara 27, aka buga sakamakon a mujallar PLOS ONE a watan Oktoban 2017. Abin da lissafi ya nuna shi ne nauyin ƙwari masu tashi ya ragu da kashi 76 cikin 100, a tsakiyar bazara kuwa, lokacin da ya kamata su fi yawa, da kashi 82. Abin da ya fi tayar da hankalin masana shi ne duk wuraren nan keɓaɓɓu ne, hukuma ta hana a taɓa su, sai dai kusan dukkansu gonaki ne suka kewaye su, wanda ya sa aka fara tunanin cewa shingen da ke hana gatari da garma shiga daji ba ya hana abin da ke faruwa a gonar maƙwabta ya shafi halittun da ke cikinsa.

Adalci ne a faɗi cewa wannan bincike bai tsira daga suka ba, kuma sukar ba ta banza ba ce. Nauyi aka auna, ba a rarrabe masu ziyartar fure da sauran ƙwari ba. Yawancin wuraren sau ɗaya ko sau biyu kawai aka kafa musu tarko. Masu binciken da kansu sun bayyana cewa ba su tabbatar da sababin raguwar ba. A 2023 kuma wasu masana na Jamus, a ƙarƙashin Jörg Müller, suka fito da hujjar cewa yanayin sanyi da zafi da ruwa na kowace shekara ya isa ya fassara kaso mai yawa na abin da aka gani, aka yi ta mayar wa juna martani a kai. Irin wannan saɓani rahama ne, domin shi ke tilasta a faɗaɗa bincike. Tun a 2020 Roel van Klink da abokan aikinsa suka tattara nazari 166 da aka yi a wurare 1,676 a sassan duniya, suka sami cewa ƙwarin da ke rayuwa a tudu suna raguwa da kimanin kashi 9 cikin 100 a kowace shekara goma, na cikin ruwa kuwa a wasu wurare suna ƙaruwa, watakila saboda tsabtace kogunan da aka yi. Adadin bai kai na Krefeld firgitarwa ba, amma duk wanda ya lissafa shi a tsawon rayuwar mutum ɗaya zai ga ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai wani ruɗu da ya kamata a kawar, domin ya yaɗu ƙwarai tun 2006, sa'ad da masu kiwon zuma a Amurka suka fara buɗe akwatunansu suna tarar da ma'aikatan sun watse sun bar uwar da 'ya'ya. Jaridu suka cika da zancen ƙudan zuma zai ƙare a duniya. Gaskiyar magana, ƙudan zuman kiwo yana da ubangida mai kula da shi, wanda in runduna ta mutu zai raba wata ya mayar da gurbinta, ko da yake cututtuka da ɗan ƙwaron nan mai suna Varroa, wanda ke manne masa yana tsotsarsa, suna jawo hasara mai yawa. Lissafin da Marcelo Aizen da Lawrence Harder suka buga a 2009 ya nuna yawan amyoyin duniya ya ƙaru da kimanin kashi 45 cikin 100 a cikin rabin ƙarni, sai dai noman da ke bukatar ƙwari ya ninka fiye da sau uku a wannan lokaci. Waɗanda ba su da mai tsaya musu su ne na daji. Lucas Garibaldi, wani masani ɗan Ajantina, ya haɗa kan abokan aiki kimanin 50, suka tattara awon gonaki 600 na tsarin noma iri 41 daga nahiyoyi dabam dabam, suka bayyana a 2013 cewa ziyarar ƙwarin daji tana sa fure ya ƙulla ninki biyu na abin da ziyarar ƙudan zuman kiwo ke sawa, kuma amfaninsu ba ya gushewa ko da an cika gonar da amyoyi. Ma'ana, ƙudan zuman kiwo mataimaki ne, ba magaji ba ne, kuma wanda ya kashe na daji da zaton zai yi hayar na akwati, kamar yadda manoman almon na Kalifoniya suke jigilar amyoyi kusan miliyan biyu a kan manyan motoci kowane Fabrairu, ya sayi abu mai tsada a madadin wanda ya fi shi kuma kyauta ne.

A kan maganin ƙwari ne muhawara ta fi zafi, domin nan ne dukiya take. Akwai wani jinsin magani da ake kira neonikotinoyid, wanda ake cuɗa iri da shi kafin shuka, tsiron ya tsotse shi ya ratsa jikinsa duka har ruwan fure da garinsa. Bai cika kashe ƙudan zuma nan take ba, sai dai ya rikita masa hanya, ya raunana haihuwarsa. Gwajin ɗakin bincike ya nuna haka, kamfanoni suka ce gona daban take da ɗakin bincike, kuma maganarsu tana da fuska. Sai Maj Rundlöf da abokanta a Siwidin suka gwada a gonaki 16 na gaskiya, takwas da magani takwas babu, suka bayyana a 2015 cewa ƙudan zuman daji sun ragu sosai a kusa da gonakin magani, alhali na kiwo ba su nuna wata illa bayyananniya ba. Bayan shekara biyu aka fitar da sakamakon gwaji mafi girma, wanda cibiyar nazarin muhalli da ruwa ta Birtaniya ta gudanar a wurare 33 a Birtaniya da Jamus da Hangari, da kuɗin kamfanonin Bayer da Syngenta masu yin maganin: an ga illa a Hangari da Birtaniya, ba a gani a Jamus ba, inda rundunonin suka fi lafiya kuma suka fi samun wasu furanni da za su ci. Darasin da na fi ɗauka daga wannan shi ne guba ba ita kaɗai take aiki ba. Ƙudan da yake ƙoshe da lafiya yana jure abin da zai kashe mayunwaci mai ciwo. A 2013 Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da iri uku na maganin, a 2018 kuma ta hana amfani da su a fili gaba ɗaya.

Rahoton IPBES, wanda masana 77 suka rubuta a ƙarƙashin jagorancin Simon Potts na Jami'ar Reading da Vera Imperatriz-Fonseca ta Brazil, bai ɗora laifin a kan abu ɗaya ba. Ya haɗa share daji, da noman iri ɗaya a fili mai faɗi wanda ke fure mako biyu sa'an nan ya bar ƙwari da yunwa, da magunguna, da cututtuka, da baƙin halittu, da sauyin yanayi. Ya kuma bayyana cewa mafi yawan hujjojin raguwar daga arewa maso yammacin Turai da Arewacin Amurka suka fito, Afirka kuwa ba ta da dogon lissafin da za a gina hukunci a kansa.

Wannan ba ya nufin al'amarin bai shafe mu ba. Ƙasar Malesiya ta daɗe tana biyan ma'aikata suna barbaɗa wa kwakwar manja garin fure da hannu, saboda an kai bishiyar daga Afirka an bar ƙwaronta a gida, har sai da aka gano wani ɗan mitsitsin ƙwaro a Kamaru aka kai shi can a 1981, ya ɗauke musu wannan wahala cikin 'yan shekaru. A 2016 Garibaldi da abokansa, tare da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka auna gonaki 344 a Afirka da Asiya da Latin Amurka, suka sami cewa a ƙananan gonaki, waɗanda ba su wuce hekta biyu ba, ƙaruwar ƙwari masu ziyartar fure kaɗai tana iya cike kimanin kashi 24 cikin 100 na tazarar da ke tsakanin gonar da ta yi albarka da wadda ba ta yi ba. Irin gonakin talakawanmu ke nan. Mafi kusa da mu kuma shi ne aikin da masana na Jamus da Burkina Faso suka yi tare, Katharina Stein na cikinsu, wanda aka buga a 2017: sun rufe wasu furannin auduga da na riɗi da jakar raga don hana ƙwari isa gare su, suka bar wasu a buɗe, sai amfanin da aka rufe ya gaza da kimanin kashi 37 cikin 100 a auduga, da kashi 59 a riɗi. Ƙasar da aka yi wannan gwaji da ƙasar Hausa yanayinsu ya yi kama, kuma duk wanda ya ga buhunan riɗi a kasuwar Maigatari ya san irin gidajen da wannan lissafi ya shafa.

Bishiyoyin gonakinmu ma haka. Tun 1957 wasu masana biyu, Baker da Harris, suka bayyana daga Gana cewa jemagu ne ke ziyartar jan furen ɗorawa da dare, kuma furen kuka, wanda ke buɗewa da magariba, shi ma jemage ne babban baƙonsa. Ashe kalwar da ake daddawa da ita tana da alaƙa da halittar da yara ke jifa. Kaɗanya kuwa, wadda matan karkara ke tsintar 'ya'yanta su yi man kaɗe su rufa wa kansu asiri, ƙudan zuma da ƙananan 'yan'uwansa marasa harbi ne ke yi mata hidima. Nazarin da Jane Stout ta Kwalejin Trinity ta Dublin da abokan aikinta suka yi a Gana da Burkina Faso ya nuna cewa kaɗanya tana ba da 'ya'ya ƙasa da iyawarta saboda ƙarancin masu ziyara, kuma ƙudan zuma sun fi yawa a wuraren da aka bar bishiyoyi da tsirrai iri iri. Dalilin a fili yake: kaɗanya da rani take fure, na 'yan makonni, kuma ƙudan da zai zo mata dole ya sami abin da zai ci a sauran watannin shekara.

Idan mutum ya dubi abin da muke yi da hannunmu, lalle zuciyarsa ba za ta natsu ba. Mai ɗibar zuma yakan cinna wa amya wuta ya hallaka rundunar duka don ya sami saƙar shekara ɗaya, alhali hayaƙi kaɗan ya isa. Manomin wake da na tumatir suna feshi da hantsi lokacin da fure ke buɗe ƙwari na kai, alhali da sun jinkirta zuwa yamma da ɓarnar ta ragu. Wasu magungunan cuɗa iri da ake sayarwa a kasuwanninmu suna ɗauke da sinadarin da Turai ta hana. Ana sare kaɗanya a yi gawayi, bishiyar da ba ta fara 'ya'ya sai ta shekara goma sha biyar ko fiye. Ba na ɗora wa talaka laifin neman abin da zai ci, kuma wanda tsutsa ke cinye masa wake ba za a ce ya naɗe hannu ba. Amma halittar da Alƙur'ani mai girma ya ambaci sura ta goma sha shida da sunanta ta cancanci a san halin da take ciki, kuma ina ganin tsayawa a kan wannan lissafi yana cikin farillan kifaya, waɗanda in wasu suka yi an ɗauke wa saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi.

Kayan aikin ba su fi ƙarfinmu ba: tarko, da sikeli, da littafi, da mutumin da zai koma wuri ɗaya a lokaci ɗaya kowace shekara. Akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, akwai jami'o'i a Kano da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, akwai ƙungiyoyin masu kiwon zuma waɗanda suka san ranar da kowace bishiya ke fure fiye da kowane littafi. Akwai ma wurin gwaji da babu irinsa: tun daga shekarun 1980 manoman jihohin Maraɗi da Damagaram suka daina tumɓuke tohon kututture a gonakinsu, suna gyara shi ya zama bishiya, har aka ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta haka ya kai hekta miliyan biyar. Ba don ƙudan zuma suka yi ba, don itace da abincin dabbobi da kariyar iska suka yi. Amma ga gonaki masu bishiyoyi kusa da gonaki marasa su, a ƙasa ɗaya da ruwan sama ɗaya, da riɗi da wake a cikin kowace, kuma kwatanta ƙwarin da ke ziyartar furen waɗannan da na waɗancan aiki ne da ɗaliban aikin gona da masu gonakin za su iya farawa da daminar baɗi.